Alƙalami Ɗaya, Harsuna Shida

Kowane mai sana'a yana da wani abu guda cikin kayan aikinsa wanda hannunsa ya fi sabawa da shi, wanda kuma ba ya son ba da aronsa ko ga ɗan'uwansa na jini. Ga wanzami aska ce, ga baduku basilla, ga mai rubutun allo kuwa alƙalamin karan da ya feƙe da kansa daidai da yadda yake karkata hannu. Mai rubuta manhajar kwamfuta shi ma yana da nasa, watau abin da ake kira editan rubutu. Kada mai karatu ya ɗauka editan jarida nake nufi. Wannan edita wata manhaja ce da ake buɗe fayil a cikinta, a rubuta, a goge, a gyara, a adana. Abin da ya raba shi da irin su Microsoft Word shi ne, shi ba ruwansa da ado ko tsarin shafi, tsurar haruffa kawai yake ajiyewa, gama na'urar da za ta karanta umarnin ba ta san ƙawa ba. Harafi take bi ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗigo guda da ya ɓace yana iya tsayar da aikin mako.

Watakila wani ya ce me ya kawo wannan magana cikin mujallar ɗaliban Hausa. Dalili kuwa shi ne, ni da wasu abokai biyu mun ɗauki aikin tattara kalmomin Hausa daga rubuce-rubucen da ke hannunmu, domin mu shirya jerin da ɗalibi zai iya bincikawa ta wayarsa, ya ga kalma tare da jumlolin da ta fito a cikinsu. Aikin a baki ɗaya ne, amma a aikace harsunan kwamfuta shida yake ci. Da Python muke tsefe matani muna ƙirga kalmomi. A rumbun bayanai muke zuba su, shi kuwa rumbun da SQL ake yi masa magana. Sabar da ke amsa tambayar mai bincike da Go aka rubuta ta, shafin da yake gani a wayarsa kuma da JavaScript. Akwai wata tsohuwar 'yar manhaja ta C da muke amfani da ita don saurinta, sa'an nan akwai fayil ɗin Makefile wanda yake ɗaure waɗannan duka, ya faɗi wanne za a fara wanne zai biyo. A yini guda ina iya shiga huɗu ko biyar daga cikinsu, wani lokaci ma cikin sa'a guda.

Kusan kowane ɗaya daga cikin harsunan nan yana da babbar manhajar da aka ƙera musamman dominsa, mai kyau kuwa. Amma wanda zai buɗe wannan don Python, ya rufe ya buɗe waccan don Go, lalle hannunsa ba zai taɓa zama wuri ɗaya ba, domin maɓallin da yake neman kalma a nan, a can wani aiki dabam yake yi. Mutum yana cikin bin zaren tunani mai wuya, sai ya tsaya yana tambayar yatsunsa ina suke. Shi ya sa na yanke shawarar in tsaya kan edita ɗaya, in koya masa harsunan duka. Ƙa'idar da na bi wajen shirya shi guda ce: duk abin da ya shafi hannuna ya zama iri ɗaya a kowane harshe, duk abin da ya shafi dokar harshe kuwa a bar wa harshen abinsa. Sauran abin da zan faɗa duk bayanin wannan ƙa'ida ne.

Editan da na zaɓa shi ne Emacs. Asalinsa a shekarar 1976 ne, a ɗakin binciken basirar na'ura na jami'ar MIT da ke Amurka, inda Richard Stallman da Guy Steele da David Moon suka harhaɗa wasu gajerun umarni da ake ɗorawa kan wani tsohon edita mai suna TECO. Wanda ake amfani da shi yanzu, watau GNU Emacs, Stallman ya fitar da shi a 1985. Kishiyarsa ta tun fil'azal ita ce vi, wadda Bill Joy ya rubuta a Berkeley a wannan shekara ta 1976, wadda kuma ta haifi Vim na Bram Moolenaar a 1991, shi kuma ya haifi Neovim a 2014. Gardamar da ke tsakanin mabiya gidajen nan biyu ta girme ni nesa ba kusa ba, ba ni kuwa da niyyar shiga cikinta. Yawancin masu wannan sana'a a yau ma ba ɗaya suke riƙe da shi ba cikin biyun, VS Code na kamfanin Microsoft suke amfani da shi, wanda ya fito a 2015, kuma in sabon shiga ya tambaye ni, shi zan nuna masa ba tare da wata inda-inda ba. Ni dai abu biyu suka ja ni ga Emacs. Na farko, kwamfutata tsohuwa ce, gigabait 4 ke gare ta na ƙwaƙwalwar aiki. Na biyu, daɗewa. Edita mai suna Atom ya yi tashe ƙwarai, mutane suka zuba lokacinsu wajen shirya shi, amma a ƙarshen 2022 masu shi suka rufe shi. Abin da ya shekara arba'in yana aiki, ina kyautata zaton wahalar da na sha a kansa ba za ta tafi a banza ba.

Duk shirin Emacs a cikin fayil guda yake zaune, mai suna init.el, wanda editan yake karantawa duk lokacin da aka tashe shi. Fayil ɗin kuwa da harshen Lisp ake rubuta shi, saboda haka wanda ya zo da harsuna shida sai ya tarar na bakwai yana jiransa a bakin ƙofa. A nan ne jarraba ta farko take. Akwai shiryayyun tsare-tsare da wasu gwanaye suka haɗa, irin su Doom Emacs da Spacemacs, waɗanda mutum zai sauke cikin 'yan mintoci ya ga editansa ya yi kwalliya kamar ango. Ban raina aikinsu ba. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da wani abu ya karye cikin dubban layukan da ba kai ka rubuta ba, daren da za ka miƙa aiki da safe, ba ka san ta inda za ka fara lalube ba. Saboda haka na ɗaukar wa kaina sharaɗi, cewa ba layin da zai shiga fayil ɗina sai na iya faɗin abin da yake yi da dalilin da ya sa nake bukatarsa, kuma sai na rubuta wannan dalili a kansa da Hausa. Yau fayil ɗin bai kai layi ɗari uku ba, kashi ɗaya cikin uku ma hashiya ce.

Abin da ya shafi hannu ba shi da yawa, kuma shi ya fi sauƙi. Na mai da maɓallin Caps Lock ya zama Ctrl, domin Emacs yana yawan bukatar Ctrl, kuma inda aka ajiye shi a ƙasan kusurwa yana gajiyar da ƙaramin yatsa. Sa'an nan na riƙe 'yan maɓallai kaɗan waɗanda ma'anarsu ba ta sauyawa ko wane fayil na buɗe. Alal misali, kowane harshe yana da alamar da ake sawa a gaban layi don a nuna cewa wannan hashiya ce ta ɗan Adam, na'ura ta tsallake ta. Python da Makefile da alamar # suke yi, Go da JavaScript da //, SQL da karan ɗori biyu, Lisp kuwa da waƙafi mai ɗigo. Ni ban damu da tuna wanne ne na wanne ba. Alt da waƙafi mai ɗigo nake dannawa, editan ya duba harshen da nake ciki ya sa alamar da ta dace. Haka kuma Alt da aya yana kai ni inda aka fara bayyana sunan da manunina yake kai, Alt da waƙafi ya komo da ni inda na baro. Na ƙara maɓalli ɗaya na kaina don gwada aiki, wanda a Python yake kiran magwajin Python, a Go ya kira na Go. Yatsa ɗaya, niyya ɗaya, editan ne ke fassarawa.

Yadda yake gane harshe kuwa ta ƙarshen sunan fayil ne. Da ya ga .py sai ya shiga yanayin Python, da ya ga .go sai ya shiga na Go. Kowane yanayi yana da abin da masu Emacs suke kira ƙugiya, watau wurin da za ka rataya umarninka, ya zama ba zai gudana ba sai an shiga wannan yanayi. Akwai ƙugiya ta gaba ɗaya wadda ta haɗa dukan harsunan kwamfuta, a nan nake rataya abin da na ce na hannu ne, kamar nuna lambar layi. Sauran kuwa kowa da tasa.

Inda wannan rabo ya fi nuna amfaninsa shi ne batun farin fili da ake bari a farkon layi. Wanda bai san sana'ar ba zai yi dariya in ya ji cewa manyan mutane suna ɓata wa juna rai a kan abin da ido ba ya gani. To, ga yadda abin yake. Hanya biyu ce ake tura layi ciki: ko a danna dogon maɓallin sarari sau da yawa, ko a danna Tab sau ɗaya. A fuskar kwamfuta kamarsu ɗaya, a wurin na'ura kuwa haruffa ne mabambanta. A harshen C da JavaScript wannan fili gyaran gani ne kawai, mafassarin ba ya kula da shi. A Python kuwa, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, filin nan nahawu ne. Shi ne yake nuna wane layi ne yake ƙarƙashin wane. A ce ina da umarnin da yake zagaya kalmomi dubu ɗaya bayan ɗaya, a ƙasansa kuma akwai layin da yake cewa a share ƙirgar da aka yi a sake sabuwa. In layin nan yana bakin gefe, sau ɗaya zai gudana bayan an gama zagaye. In ya matsa ciki da sarari huɗu, sai ya gudana a kan kowace kalma, ƙirgar duka ta lalace, kuma Python ba zai ce uffan ba, gama a wurinsa jumlar daidai take. Sai dai a wayi gari a ga jerin kalmomi ya fito da alƙaluman ƙarya, ɗalibi ya ɗauka ya sa a kundinsa. Ƙa'idar salon Python da aka rubuta a 2001, wadda aka sani da PEP 8, ta ce sarari huɗu, kuma Python na uku yana ƙin fayil ɗin da aka cakuɗa Tab da sarari ta yadda ma'ana za ta rikice.

Go kuwa, wanda kamfanin Google ya fitar a 2009, akasin haka ya zaɓa. Yana tafe da wata 'yar manhaja mai suna gofmt wadda take daidaita kowane fayil da Tab, ba ta kuma neman shawarar kowa. Masu JavaScript galibinsu sarari biyu suke so. Makefile shi ne mafi tsanani. Tun da Stuart Feldman ya ƙirƙiro make a ɗakunan binciken Bell a 1976, layin umarni a cikinsa da Tab yake farawa, in aka sa sarari takwas a maimakonsa sai aikin ya tsaya cik. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi. Wanda ya kafa doka ɗaya a saman fayil ɗin shirinsa, ya ce duk lokacin da aka adana fayil a mai da kowane Tab sarari, ya gyara Python ya kashe Makefile. Haka wanda ya ce a share duk sararin da ya yi saura a ƙarshen layi, ya kyauta a ko'ina in ban da fayil ɗin Markdown, inda sarari biyu a ƙarshen layi yake nufin a karya layin. Don haka ni ban kafa irin wannan doka ta bai ɗaya ba. A ƙugiyar kowane harshe na rataya madaidaicinsa, gofmt ga Go, Black ga Python, Prettier ga JavaScript, su yi aikinsu lokacin adanawa. A Makefile kuwa abin da na sa kawai shi ne editan ya riƙa nuna mini Tab da wata 'yar alama, in gan shi da idona.

Da yake mu uku ne a kan aikin, kuma sauran biyun VS Code suke amfani da shi, ba daidai ba ne dokokin nan su zauna a aljihuna ni kaɗai. Sai muka rubuta su a wani ɗan fayil mai suna .editorconfig, muka ajiye shi a bakin jakar aikin, inda editan kowa zai karanta. Emacs na 30, wanda ya fito a 2025, yana fahimtar wannan fayil ba tare da an ƙara masa kome ba. A ciki muka rubuta har da irin ƙarshen layin da za a yi amfani da shi, domin Windows haruffa biyu ɓoyayyu take sawa a ƙarshen kowane layi, Linux kuwa ɗaya, kuma wannan ƙarin harafi ya isa ya hana wani umarni gudana a saba.

Na ce Alt da aya yana kai ni inda aka bayyana suna. Yaya editan ya san wurin? A da, tilas kowane edita a koya masa kowane harshe daban. In akwai edita biyar da harshe goma, aiki hamsin ke nan, kuma yawancinsu rabi da rabi ake yin su. A 2016 kamfanin Microsoft ya fito da wata yarjejeniya da ake taƙaita sunanta da LSP. Hikimarta ita ce a raba aikin biyu. Kowane harshe a yi masa hadimi guda wanda ya san shi ciki da waje, kowane edita kuma a koya masa yadda ake yi wa hadimi tambaya. Hamsin ɗin nan sai ta koma goma sha biyar. Ina rubutu, editan yana aika wa hadimin abin da na sauya, shi kuwa yana mai da amsa: wannan suna ba a san shi ba, wancan dunƙulen umarni abu biyu yake karɓa ka ba shi uku, ga sauran kalmar da ka fara. Emacs na 29, na shekarar 2023, ya zo da mai yin wannan magana a cikinsa, sunansa Eglot, wanda João Távora ya rubuta. Ni aikina kawai in sauke hadiman: Pyright don Python, gopls don Go, clangd don C, da wani na JavaScript. SQL da Makefile na bar su ba hadimi, don abin da nake rubutawa a cikinsu bai taka kara ya karya ba.

Amma fa hadimi yana da ciki, kuma sai an yi masa kwatance. Clangd ba ya gane aikin C sosai sai an ba shi wani fayil mai suna compile_commands.json, wanda yake faɗa masa yadda ake fassara kowane yanki. Pyright kuwa in ba a nuna masa keɓaɓɓiyar jakar da aka zuba taskokin aikin ba, sai ya ja jan layi ƙarƙashin rubutu lafiyayye, ya cika fuska da ƙararrakin banza har mutum ya daina kula da na gaskiya. Game da ci kuwa, in hadimai uku suka tashi lokaci guda a kan gigabait 4, ga burauza a buɗe, sai ka ji fankar kwamfuta tana nishi. Maganin da na yi shi ne na sa Eglot ya sallami hadimi da zarar na rufe fayil na ƙarshe na harshensa. Har wa yau, da yake batirin kwamfutar ya mutu kuma wuta ba ta sallama in za ta tafi, na taɓa ajiyar ko-ta-kwana da Emacs yake yi. A yadda ya zo, bayan kowane dannawa 300 yake ajiyewa, ko in an yi daƙiƙa 30 ba a taɓa shi ba. Na rage ta farkon zuwa ɗari.

Akwai wani yanki na wannan shiri da na tabbata zai yi wa 'yan'uwana ɗaliban nahawu daɗi. Edita yakan rina kalmomi launi-launi don ido ya rarrabe suna da umarni da hashiya. Shekaru da yawa da kintace ake yin wannan, watau a duba siffar kalma a yi hasashen ajinta, kamar mai cewa duk kalmar da ta ƙare da wasalin a tamace ce, sai ya ci karo da gida da suna. Sabuwar hanya ita ce wata manhaja mai suna Tree-sitter, wadda Max Brunsfeld ya ƙera, wadda kuma Emacs na 29 ya karɓa. Ita ainihin bishiyar li'irabi take zanawa ta fayil ɗin duka, irin wadda muke zanawa a allo muna raba jumla zuwa yankin suna da yankin aiki, kuma duk harafin da na ƙara, reshen da abin ya shafa kaɗai take sake ginawa. Wannan kama ba haɗuwar hanya ba ce. Tsarin da John Backus ya gabatar a 1959, wanda Peter Naur ya gyara don bayyana nahawun harshen ALGOL 60, daidai yake da ɗaya daga cikin nau'o'in nahawun da Noam Chomsky ya bayyana a 1956. Ranar da na fara buɗe bishiyar wani fayil na Go a gefen fuska, na ga rassa suna sauka kamar a darasin ginin jumla, na ji ashe ba baƙon gari nake ba. Gargaɗi ɗaya dai: yanayin da yake aiki da Tree-sitter sunansa dabam ne da tsohon yanayi, ƙugiyarsa ma dabam, saboda haka abin da aka rataya a tsohuwar ƙugiyar C ba zai bi mutum zuwa sabuwar ba sai ya ɗauke shi da hannu.

Saura harshen da ban lissafa cikin shidan ba, alhali kuwa dominsa ake aikin duka. Haruffanmu masu ƙugiya kowannensu yana da lambarsa a tsarin Unicode: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199. Na umarci editan ya adana kowane fayil da tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, na kuma zaɓi zanen haruffa na Noto Sans Mono don kada ƙ ta fito kamar akwati. Shigar da su kuwa, tun da allon maɓallanmu na Turanci ne, sai na rubuta 'yar hanyar shigarwa tawa, layi goma sha wani abu na Lisp. Na ɗauki haruffa uku da Hausar boko ba ta amfani da su, na ce q ta ba da ƙ, x ta ba da ɗ, v ta ba da ɓ. Tana tashi da kanta in na buɗe matanin Hausa, tana kwance in ina cikin umarni, in kuwa zan rubuta hashiya da Hausa a tsakiyar Python, dannawa ɗaya ce ta tashe ta. Magabatanmu da suka yi aiki da keken rubutu sukan bi takarda da biro suna ɗora ƙugiya a kan kowace k da d. Ban ga uzurin da ya rage mana na rubuta kasa a inda muke nufin ƙasa ba.

Ita wannan kalma ta ƙasa ma ta isa misali. A UTF-8 harafin ƙ bait biyu yake ci. In ka tambayi Python tsawon kalmar zai ce huɗu, JavaScript ma huɗu, amma Go da C za su ce biyar, don su bait suke ƙirgawa in ba ka ce musu haruffa kake so ba. Kalma ɗaya, aiki ɗaya, amsa biyu. Wanda ya yanke kalma a bait na farko ya raba ƙ gida biyu, abin da zai fito a wayar ɗalibi kuwa wata baƙar alama ce mai ayar tambaya. Wannan ba abin da edita zai warware ba ne, amma na sa shi yana iya nuna mini lambar duk harafin da manunina yake kai, kuma sau da yawa da wannan nake gano bakin zaren.

Mafi wahalar duka ita ce 'yar alamar hamza da muke rubutawa a ma'ana da sa'a da 'ya'ya. A wurinmu harafi ce. A Python da JavaScript da SQL kuwa alamar buɗe zance ce da rufe shi. In ka sa kalmar ma'ana tsakanin irin wannan alama, na'ura za ta ɗauka zancen ya ƙare a ma, sauran kuma shirme ne. A Python da JavaScript sauƙin abin shi ne a yi amfani da alamar zance mai baki biyu, wadda Black da Prettier dama ita suka fi so. A SQL kuwa bai kamata a liƙa kalmar mai bincike kai tsaye cikin jumlar tambaya ba, sai a miƙa ta ta gurbin da aka tanada, domin ƙofar da hamzarmu take karyawa ita ce ɓarayin intanet suke bi su shiga rumbun bayanai. Bugu da ƙari, alamar ba ɗaya ba ce. Akwai miƙaƙƙiya ta allon maɓallai, akwai lanƙwasasshiya da Word yake musanyawa da kansa, wadda a farkon kalma kamar 'yar yakan juya ta ta fuskanci wancan gefe, akwai kuma U+02BC wadda Unicode ya lissafa cikin haruffa, ba cikin alamomin rubutu ba. Matanin da muka tattara yana ɗauke da dukansu a cakuɗe, har kalma ɗaya takan fito sau uku a jeri kamar kalmomi uku. Na sa editan ya rina kowace iri da launinta, ta yadda da buɗe fayil zan ga wadda ta yi yawa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun rage wa kansu rabin wannan wahala, da yake su ƴ suke rubutawa a inda muke rubuta 'y.

Jeranta kalmomi ma haka. Umarnin jerantawa da Emacs ya zo da shi lambar harafi yake bi, lambobin haruffanmu masu ƙugiya kuwa suna can bayan ta z, saboda haka ɓera da ɗaki da ƙasa duk a bayan zuma suke faɗawa. Na rubuta ɗan dunƙulen umarni wanda yake sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, na ɗaura shi a maɓalli guda. Da na zo kan sh da ts sai na dakata, domin ko za su tsaya da ƙafarsu a matsayin haruffa ko za su shiga ƙarƙashin s da t, wannan hukunci ne na ƙa'idar rubutu, ba na mai shirya edita ba. A yanzu suna ƙarƙashin s da t, hamza kuma miƙaƙƙiya muke amfani da ita, kuma na rubuta tambayoyin biyu a takarda zan kai wa malamanmu na sashe. Duk abin da suka yanke, layi biyu ne zan sauya a init.el, in tura wa abokan aikina ta Git.